Akushin da Na Mayar wa Uwata

Daga Kwandiko, ƙasar Gwaram.

Zuwa ga ɗana, mai sunan Liman.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sauke ka Bukuru lami lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin mugun aboki. Aikin jirgin ƙasan nan da ka samu, Allah Ya sa abincinka na halal ne a cikinsa, Ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi.

Na san za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuka kwana gida ɗaya da shi jiya. To, kai ɗan fari ne. Ko sunanka ban taɓa kamawa a gaban mutane ba, balle in zaunar da kai in kwance maka cikina ido da ido. Shi ya sa na ce uwarka ta cusa wannan a jakarka tare da wani ƙunshi a tsumma. Kada ka kwance ƙunshin sai ka kai inda na ce ka kwance. Rubutun kuma ka yi haƙuri da shi, na yaƙi da jahilci ne, ba na kwaleji irin naku ba. In ka ga baƙi ya karkace, hannun da ya saba da fartanya ne.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Kana da baffa, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, yana nan da ransa a garin da za ka. Yana ɗinkin takalma a bakin tashar mota. Kirista ne, can Iliya ake ce masa. Na ɓoye muku shi tun kuna ƙanana, na kuma hana uwarku faɗa. Yanzu an ce idonsa ya soma gazawa, ga tari da ya ƙi sakinsa tun bara. Ni kuma na yi masa laifin da ban nemi gafararsa ba, ina tsoron ɗayanmu ya tafi kafin in nema. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Amma sai ka ji yadda aka yi tukuna, don kada ka je masa da kai a sama.

Mu Maguzawa ne tun asali. Na san ka sha jin ana raɗa wannan a makaranta. Ranar nan da ka dawo da leɓe a fashe ka ce jaki ne ya kayar da kai, ai na san ba jaki ba ne. An haife ni a Gidan Barau, kufan nan na bayan rafi inda kukoki biyu suke tsaye. Sunan da aka raɗa mini Nomau, don ana tsakar noma na faɗo duniya. Ƙanena kuma Tunau, shi ne Iliyan da nake gaya maka. Ubanmu ya rasu muna ƙanana. Uwarmu Shekara, wadda ka sani da Kaka Hauwa mai dogon carbi, ita ta yi noma ta ci da mu. A lokacin tana dafa giya ranar kasuwa, in damina ta yi gardama kuma ta kai jan zakara gindin kuka. Mutanenmu sun san Allah, da Shi suke rantsuwa, sai dai gani suke Ya yi nisa, gara a bi ta wajen na kusa.

In wani ya tambaye ni a masallaci abin da ya sa na musulunta, cewa nake Allah ne Ya haska mini zuciya. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba.

Ina saurayi na fara kora jakai zuwa Birnin Kudu da dawa da gyaɗa. Akwai gidan da muke sauka. Mai gidan mutumin kirki ne, bai taɓa zagina ba, bai taɓa tauye mini mudu ba. Amma akwai wata ƙwarya mai tsagaggen baki da ake ratayewa a jikin danga, kusa da turken jakai. Ita ce ta arna. In an fito da tuwo, fatake Musulmi su kewaye kwano a zaure suna raha, ni kuwa a juye mini nawa a ƙwaryar nan, in tsuguna a gindin danga ina kallon jakai suna kallona. In na gama in wanke ta da kaina in mayar in rataye. Babu wanda ya ce mini uffan, amma wallahi na fi son a mare ni da a miƙo mini ƙwaryar nan.

Ran nan da la'asar, ina dawowa, ruwa ya tare ni a nan Kwandiko. Na fake a zauren Liman Haruna, wanda ka ci sunansa. Ina raɓe a bakin ƙofa aka kawo masa tuwo. Ya jawo kwanon tsakaninmu ya ce, "Bismillah, samari."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni fa Bamaguje ne, daga Gidan Barau."

Ya ce, "To, tuwon ya tambaye ka? Wanke hannu, yana hucewa."

Na wanke hannu na sa a kwanon. Bai yi mini wa'azi ba, hirar farashin gyaɗa muka yi har ruwa ya ɗauke. Daga ranar sai na riƙa neman dalilin bi ta ƙofarsa. Sannan akwai wata yarinya mai tallar fura, mai wushirya, da ke wucewa ta nan, wadda na san ubanta ba zai ba Bamaguje ko kallo ba. Kada ka kuskura ka gaya wa uwarka na rubuta wannan, kanta zai ƙara girma.

Ka ga dalilaina ke nan: ƙwarya ta koro ni, kwano ya jawo ni, mace ta ƙarasa. Liman ya ba ni kalmar shahada, ya sa mini suna Abdullahi. Imanin da nake ji yanzu a ƙirjina, wanda ko za a yanka ni ba zan sake shi ba, sai daga baya ya iso. Ranar da na binne ƙanwarka ta goye na koma gona ni kaɗai, na sa goshina a ƙasa, na ji akwai Wanda ke saurarona kusa-kusa. Tun daga nan sallata ta zama tawa.

Don haka, in ka haɗu da mutumin da ya bar addinin gidansu ya shiga wani, ko ya shigo namu ko ya fita, kada ka yi saurin cewa ka san dalilinsa. Shi kansa wani lokaci sai ya tsufa yake ganewa. Kada bakinka ya saba da kiran mutum arne ko tubabbe. Ni an kira ni da duka biyun, na san inda kowanne yake suka.

Kuskurena na farko daga kalmar tubabben nan ya fito. Samarin gari suka laƙaba mini Audu Tuba. In na shigo sahu sai wani ya shinshina iska ya ce, "Kai, yau kamar ana dahuwar giya a bayan rafi." Maimakon in toshe kunnena, sai na ɗaura ɗamarar nuna musu na fi su. Na rataya carbi a wuya, in na yi alwala sai na jiƙe har gwiwa, in ana hira sai in tsoma Larabcin da ban san kansa ba. Duk wannan wauta ce mai sauƙi. Babbar ita ce da na ce na daina cin abincin uwata.

Kowace Juma'a Inna takan taso daga Gidan Barau, ta ƙetare rafi da baƙin akushin ubanmu a ka. Tuwon dawa ne da miyar kuka, da daddawar da ta yi da hannunta, wadda har gobe ban ci irinta ba. Ta sauke a tsakar gida ta ce, "Ina Nomau? Ga tuwonsa." Ni kuwa ko faifan ba na ɗagawa. Sai in ce da uwarka, tana amarya a lokacin, "Mayar mata, ba na cin girkin tukunyar giya."

Ka san abin da mayar da kwano yake nufi a ƙasar nan. Ko wanda ba kwa ga maciji da shi ne ya aiko, a juye, a wanke, a jefa ɗan goro ko gishiri a ciki. Ba a mayar da shi yadda ya zo. Ni kuwa na mayar wa wadda ta haife ni, ba sau ɗaya ba, shekara huɗu cur.

Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma fasa zuwa ba. Ta sayi sabuwar tukunya da sabuwar muciya ta ce nawa ne ni kaɗai. Na ƙi. Ta daina dafa giya ɗungurungum, alhali da ita take samun na cefane. Na ƙi. Ta riƙa zuwa wajen mahaucin garin nan ta sayi nama a gaban jama'a, tana ɗaga murya don a shaida yankan Musulmi ne. Na ƙi. Uwarka, Allah Ya saka mata, takan faki idona ta gutsuri tuwon don kada akushin ya koma ba a taɓa ba. Wata rana Inna ta ɗaga faifai ta duba, ta yi murmushi ta ce, "Sannu 'yar nan, Allah Ya yi miki albarka. Amma wannan hannunki ne. Nomau daga gefe yake farawa, ba ya huda tsakiya." Ina ɗaki ina jin su, na yi kamar barci nake.

Wata Juma'a sai ba ta shigo gidana ba. Aka zo aka ce Liman na kirana. Na tarar da ita durƙushe a zaurensa, akushin na gabanta. Ashe cewa ta yi da shi, "Malam, koya mini abin da ake faɗa." Ya tambaye ta abin da ya kawo ta. Ta ce, "Tuwona ne ya gaji da komawa gida."

Ban taɓa ganin ran Liman ya ɓaci irin na ranar ba. Ya dube ni ya ce, "Abdullahi, a wane littafi ka karanta wannan? Ni na koya maka? Ashe shekara huɗu kana saɓon Allah da sunan bin Allah, ina nan zaune ban sani ba?" Sannan ya juya wajenta ya sassauta murya ya ce, "Shekara, ba sai kin musulunta zai ci ba. Yanzun nan zai ci, a gabana, ko ya ƙi ko ya so. In don tuwo ne, koma gida da abinki, addini ba a yi wa kowa dole."

Ta ce, "Ai na riga na ƙetaro rafin, Malam. Inda ɗana yake kallo in ya sa goshi a ƙasa, ni ma ina son in ga abin da ke wajen."

Na ci tuwon nan ina hawaye, ya yi sanyi, miyar ta daskare, na cinye na suɗe. Amma ka ji halin ɗan Adam: kafin wata ya zagayo, ina yawo a gari ina cewa ni na musuluntar da uwata. Kunya ba ta kashe ni ba.

Ita kuwa ta riƙe sallarta fiye da ni. Da ta tsufa na taɓa zolayarta na ce, "Inna, har yanzu sallar tuwo ake yi?" Ta ɗaga carbi kamar za ta make ni ta ce, "Ja'iri! Da fari kai nake yi wa, Allah Ya yafe mini. Yanzu kuwa ko ka koma gindin kuka ni ina nan."

Abin da nake so ka ɗauka a nan: duk ranar da ka ji addininka na sa ka taurin zuciya ga wanda ke ƙaunarka, tsaya ka tambayi malami na gaskiya. Sau da yawa ba Allah kake tsoro ba, bakin mutane ne. Ni samarin bakin masallaci nake bauta wa a shekarun nan huɗu, ban sani ba.

Da na yi hankali daga nan, da wannan takarda ta ƙare a nan. Amma ina!

Tunau ya zauna a Gidan Barau tare da Inna yana noma. Yaro ne mai dariya, ya fi ni ƙarfi, ya fi ni kyau. Sai wani farin tabo ya fito masa a baya, aka soka masa tsinke bai ji ba. Kowa ya san kuturta ce. Mutanen ƙauye suka yi masa bukka a bayan gari. Wata rana da hantsi ya zo gidana, ya tsaya a bayan danga, bai shigo ba. Ya ce, "Yaya, ka kai ni wajen Limaminku. Ko rubutu ya ba ni in sha. In ya ce in yi salla ma zan yi, na gaji."

Ka ji fa. Da ƙafarsa ya zo. A ranar kuwa surukaina na zaure, sun zo daga Fagam. Na leƙa ta saman danga na ce masa, "Yau da baƙi. Je ka, zan neme ka." Ban neme shi ba. Na ce sai baƙi sun tafi, na ce sai an gama girbi, na ce sai an kai gyaɗa. Gaskiyar ita ce ba na son a gan ni a titi da kuturu Bamaguje a ce ƙanena ne. Ko Liman ban gaya wa ba, don na san abin da zai ce.

Ana nan sai wani ma'aikacin asibitin Mishan ya biyo ta ƙauyukan nan a kan keke yana duba masu irin wannan ciwo. Baƙin mutum ne kamarmu, da Hausa a bakinsa. Inna ta ce da ya isa bukkar sai ya kama hannun Tunau da hannunsa tsirara, ba tsumma, yana juya shi yana dubawa. Tunau ya fashe da kuka ya ce shekara biyu ke nan, ban da uwarsa, ba wanda ya taɓa shi. Suka tafi da shi asibitinsu. Ciwon ya tsaya bayan ya ci masa 'yan yatsu, suka koya masa ɗinkin takalma, ya auri wata da suka yi jinya tare. Da labari ya zo cewa ya zama Kirista, na tashi ina ta bambami a tsakar gida, wai an saye shi da ƙwayar magani. Inna, wadda ta dawo gidana da zama a lokacin, ta bari na gama sannan ta ce, "Kai da me aka saye ka? Ba da tuwo ba? Shi ma inda aka ce masa wanke hannu ya zauna."

Bayan an sami mulkin kai, sai aka shiga shekarun da manya ke zuwa ƙauyuka da motoci ana musuluntar da Maguzawa, ana raba farin yadi da hula da buta. Aka ce ga Malam Abdullahi, ɗan gida ne, ya san bakinsu. Aka riƙa sa ni a gaban mota, ana zaunar da ni a kan kujera kusa da hakimai. Kaina ya kumbura. Akwai wani Jatau da na gani da idona ya karɓi shahada sau uku a garuruwa uku, ya tara yadi uku. Na yi ta yi masa dariya ina cewa kayan aro ba ya rufe katara. To, Jatau ɗin nan shi ne Malam Sale ladan, wanda kiran sallarsa ya tashe ka tun kana yaro, wanda ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ba ya fashi. Wasu kuma da na rantse da imaninsu, yadin na tsufa suka koma. Tun daga nan na daina auna zuciyar mutane, ba ni da mudun.

A cikin wannan ganiya tawa Inna ta kwanta ciwon ajali, kana aji uku a lokacin. Liman ya riga ya rasu, babu sauran mai tsawata mini. Ta kama hannuna ta ce, "Ka aika wa Tunau. In ya zo, ku ci tuwo a akushin ubanku, ku biyu." Na ce to. Na aika da direban motar Ningi, amma kafin saƙo ya kai har mun binne ta.

Ranar sadakar uku Tunau ya iso. Zaurena cike da malamai da wakilin hakimi. Sai ga mutum da gajeren wando da jakar fata, hannuwa dungu-dungu, ya yi sallama. Na gane shi tun kafin ya buɗe baki, tafiyar ubanmu ce da shi. Zuciyata ta ce tashi ka rungume shi. Na dubi rawunan da ke kewaye da ni, sai na ji bakina yana cewa, "A shimfiɗa wa baƙo tabarma a gindin tsamiya."

Uwarka ta aiko tana tambaya ko a zuba masa tuwo a akushin, don ta ji wasiyyar. Na ce a'a, a nemi wani abu dai. Gida ya cika, kwanuka sun ƙare. Abin da aka samu wata tsohuwar ƙwarya ce da ake ba kaji ruwa, aka wanke ta. Da na hango ta a hannun mai kai masa, na ga bakinta a tsage, sai na tuna ƙwaryar Birnin Kudu. Amma ban tashi ba.

Ya cinye tas. Ya nemi ruwa ya wanke ƙwaryar da dungulmin hannunsa, ya je ya rataye ta a jikin danga. Ya san yadda ake yi, ai ni na ba shi labarin Birnin Kudu muna samari. Ya roƙi a nuna masa kabari, ya je ya daɗe a tsaye. Da zai tafi ya tsaya daga nesa ya ce, "Na gode, Malam Abdullahi. Allah Ya ba da haƙuri." Bai ce Yaya ba. Shekara goma sha biyu ke nan, kullum sai na ji wannan "Malam" ɗin a kunnena.

Daga baya uwarka ta gaya mini abin da ta gani ta kafar danga. Kafin ya wuce, ya tsuguna a ƙofar zaure inda aka tuɓe takalma, ya nemo nawa, ya karyi karan dawa ya auna tsawonsa da faɗinsa, ya sa a jaka. Bayan wata biyu direban motar Ningi ya kawo mini ƙunshi. Takalma ne na fata da gindin taya, kamar a ƙafata aka ɗinka su. Ba takarda, ba saƙon baki. Tun daga nan kowace kaka sai sun zo. Takalman nan da kuke tsokanata da su, kuna cewa Baba ya ƙi sayen na kanti ko da kuɗi ya yi yawa a ƙasa, na ce muku a kasuwar Gwaram nake saye, ƙarya nake yi. Da su nake zuwa masallaci sau biyar a rana. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, ga ni da takalman zuwa, ban je ba. Na bana da suka zo, ɗinkin ya karkace, wani wurin allurar ta bi ta gefe ba ta kama fata ba. Na shiga rumbu na zauna da su a cinya na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar mutuwar Inna.

Yanzu kwance ƙunshin. Akushin ne.

In ka huta kwana biyu ka san gari, ka je tashar mota ka tambayi Iliya mai takalma. Ka tuɓe takalminka ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda kake gaishe ni. Ka ba shi hannu, ka riƙe nasa sosai, kada ka yi saurin saki. Ciwon ya mutu tuntuni, ba abin da zai same ka. Ka kira shi Baffa, matarsa kuma Inna. In yana da 'ya'ya, ban ma san ko su nawa ba ne, ka ji abin kunya, 'yan'uwanka ne.

Kada ka je masa da wa'azi, ba aikenka ke nan ba. In ya yi addu'arsa kafin cin abinci, ka yi shiru har ya gama, kai kuma ka yi bisimillarka. In lokacin salla ya yi, ka nemi ruwa da wuri mai tsabta ka yi abarka a gidansa ba tare da ɓoyo ba. Ka riƙe addininka da kyau, ɗana, shi ne abu mafi tsada da na samu a duniya, kuma ina roƙon Allah Ya kashe ni a kansa. Cin tuwon baffanka ba zai rage maka komai a cikinsa ba. In zuciyarka ta yi maka wasiwasi a kan nama, sayi zakara ka yanka da hannunka ka ba su, magana ta ƙare.

Sannan ka miƙa masa akushin. Kada ka ce daga Malam Abdullahi. Ka ce Nomau ne ya aiko. Ka gaya masa Inna ta bar wasiyya mu ci tuwo a ciki mu biyu, ni na danne ta, shi bai ma san da ita ba. Ka ce na tuna ranar danga, na tuna ranar tsamiya, ba ni da hujja ko ɗaya. Ka roƙi a tuƙa tuwo a zuba a ciki ku sa hannu tare, kai da shi. In ya yarda, ka bar akushin a wurinsa, ka rubuto mini. Da an ɗaure dawa zan hau motar Ningi da takalmansa a ƙafata, in zo in durƙusa, ko da ni ne babba.

In kuwa ya sa an zuba tuwo ya rufe da faifai ya ce ka mayar mini ba a taɓa ba, kada ka yi masa musu, kada ka ga baƙinsa. Ka ɗauko ka kawo. Kakarka ta ɗauki akushin nan a cike ta ƙetare rafi da shi shekara huɗu, ba ta fasa dawowa ba. Ni ma zan sake aikawa.

Uwarka na gaishe ka, ta ce yajin da ƙuli-ƙulin suna ƙasan jaka, kada ka rabar wa abokai tun a mota. Ƙannenka na gaishe ka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa ka gama da duniya lafiya, Ya ba ka zuciyar da ta fi ta ubanka laushi. Allah Ya ji ƙan Inna da Liman Haruna. Allah Ya ba Tunau lafiya, Ya ara mana kwana ni da shi, ko da na cin tuwo ɗaya ne. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Abdullahi, wanda uwarsa ke kira Nomau.